Zuwa Gaida Tsohuwa

Garuruwa biyu ne ke amsa sunan Birnin Gwari. Akwai wanda kowa ya sani, na bakin titi, inda hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ke haɗuwa da ta Funtuwa kafin ta miƙe zuwa Tegina. Nan fadar sarki take, nan sakatariyar ƙaramar hukuma, nan tasha da gidajen mai. Sai kuma ɗayan, can arewa da shi, a ƙasar duwatsu da rafukan da ke juyewa cikin kogin Mariga, inda sarautar ta yi zamanta na farko kafin ta kwashe kayanta ta gangaro bakin hanya a ƙarnin da ya shige. Masu binciken ma'adinai, da suka fi kowa rubutu a kan wannan na biyun saboda zinaren da ke ƙarƙashinsa, Tsohon Birnin Gwari suke sa masa a taswira. Nahawunsu bai karye ba, tunda birni namiji ne. Amma a bakin mutane za ka ji Tsohuwar Birnin Gwari, ko Tsohuwar Gwari. Ni a nan Tsohuwa kawai zan ce mata.

Gari namiji ne a Hausa, ƙauye ma haka, amma da zarar an raɗa masa suna sai ya koma mace. Kano ta cika, Katsina ta yi nisa, Zariya tana nan inda ka bar ta. Ko Dutse, in babban birnin Jigawa ake nufi, sai ka ji an ce Dutse ta bunƙasa. Sunaye masu "Birnin" a gaba su ne harshe kan yi tababa a kansu, wani ya ce ya, wani ya ce ta. To a nan mutanen ƙasar sun raba gardama, sun ɗaura mata zane. Kuma wannan zaɓin nasu shi ke faɗa maka abin da za ka je yi. Tsohon abu kallonsa ake yi, a juya shi, a tambayi shekarunsa, a ɗauki hoto. Tsohuwa kuwa gaishe ta ake yi. A cire takalmi, a durƙusa, a tambayi ƙarfin jiki, a ajiye ɗan goro, a kuma saurari ƙorafinta a kan waɗanda suka ɗauke ƙafa.

Shi ya sa nakan rasa sunan da zan ba tafiya irin wannan. Ma'aikatun gwamnati da gidajen rediyo sun saba mana da "yawon buɗe ido", kalma mai daɗin faɗi, amma ta mai hutu ce, wanda ya biya kuɗin mota don idonsa kaɗai. Gwada gaya wa dattijo a tasha cewa yawon buɗe ido ne ya kawo ka. Zai dube ka ya ce, "To, Malam, Allah ya sa a ga alheri," kuma daga muryarsa za ka san ya ɗauke ka marar abin yi, ko ma ɗan leƙen asiri, wanda a shekarun nan ya fi muni. "Ziyara" ta fi nauyi. Daga Larabci muka same ta, muka keɓe ta ga mutane, rayayyu da matattu: ziyarar marar lafiya, ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato, ziyarar Madina. Wanda ya ce zai ziyarci wani gari, da ka bincika za ka tarar akwai wani a can da yake nufi. Dattijon nan kuwa tambayarsa ta gaba ita ce, "Wajen wa ka zo?" Babu amsar da za ta kwantar masa da hankali sai sunan mutum ko sunan gida.

Wannan tambayar tana da dalilin da ya wuce tsoron baƙo. Mai zuwa tsofaffin garuruwanmu don ido kaɗai yakan koma da hannu biyu. A wasu ƙasashe, tsohon gari na bakin kogi yana da gadar dutse da hasumiya da titi mai daɓen tsakuwa, waɗanda ko mutanen garin sun ƙare za su ci gaba da tsayuwa. Mu maginanmu da ƙasa suka yi aiki: a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a jera, a shafe da makuba. Gini irin wannan yana raye muddin akwai hannun da zai yi masa yaɓe kafin damina. Ganuwar Kano, da aka ce an fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu wajen farkon ƙarni na 12, ta kai ƙarnuka ne saboda gayyar da sarakuna ke kira a kai a kai don gyaranta, kuma tun da aka daina kiran gayyar kowa ya ga abin da ya same ta. Surame ta Kanta, da aka gina a ƙarni na 16, ta bar katangu ne don an sa dutse a aikin. A ƙasar Birnin Gwari kuwa, inda ruwan sama ya fi na Kano yawa, damina kaɗan ta isa ta mayar da soro tudu. Abin da kan rage a mazaunin da aka tashi daga cikinsa shi ne kuka, da bakin rijiya, da ramukan marina, da tsingaro, da kashin maƙera, da doron ganuwa da ciyawa ta rufe. Kuma duk waɗannan ba sa magana sai da wanda ya san su. Sai ɗan gari ya tsaya ya nuna maka da sanda, ya ce nan ƙofa take, nan kasuwa, can kushewar su wane. In ba shi, tudu ka gani. Ke nan ko tarihin kake nema, wajen mutum ka zo.

Abu biyu ne ba sa narkewa, kuma su ne suka zaɓar wa garin wuri tun farko: dutse da ruwa. Duba inda kakanni suka zauna. Dala da Gwauron Dutse ga su, ga Jakara a gindinsu. Kufena ga ta, ga Kubanni. Turunku a cikin duwatsu take, Kwatarkwashi a gindin dutsenta. Ruwa na ciki ne, na tukunya da gona da dabba. Dutse kuwa na tsoro ne, wurin da za a hau da mata da yara in an ji ƙarar kofato. Gari mai dabara shi ne wanda ya sami su biyun kusa da juna, don dutsen da babu ruwa ba ya riƙe mutane sai na 'yan kwanaki, bakin kogin da babu mafaka kuwa kowa ya zo ya kwashe. Yawan kalmomin da muke da su na waɗannan biyun ya nuna yadda muka ƙura musu ido. Akwai dutse, akwai tsauni, akwai tudu, akwai fa, wato shimfiɗaɗɗen dutsen da ake shanya a kai, akwai kogo. A ɓangaren ruwa akwai kogi, da gulbi wanda mutanen yamma suka fi faɗa, da rafi, da ƙorama, da tafki, da kududdufi, da fadama. Akwai mashaya inda dabba ke sha, da mashigi inda mutum ke tsallakewa da ƙafa, da fito inda sai da jirgi. Akwai kuma hayi, wato unguwar da ke tsallaken ruwa, kalmar da ta bi mu har cikin Kaduna ta ba mu Hayin Banki da Hayin Rigasa, ko da yake mazaunansu da yawa ba sa tuna akwai wani rafi a cikin sunan.

A ƙasar Gwari da Kamuku, tsoron da ya hau da mutane dutse yana da suna da shekara. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kwantagora wajen 1864, kuma daga shi har ɗansa Ibrahim, yaƙin kamun bayi ya addabi wannan yanki a rabin ƙarni na 19 na biyu. Ƙauyuka suka watse, waɗanda suka tsira suka ƙara hawa sama, suna noma a gindin dutse da rana suna kwana a kansa. A 1901 Turawa suka ci Kwantagora. Daga nan zance ya juya. Sabbin masu mulki ba su son talaka a kan dutse, don jami'in haraji ba ya jin daɗin hawa, talakan ma da ya ga an daina farautarsa ba shi da dalilin ɗaukar tulu zuwa ƙololuwa kullum. Aka fara gangarowa. Abin da ke jan gari kuma ya sake: da can dutse da ruwa, yanzu hanya. Da Turawa suka ɗauke hedikwatarsu daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, kuma titin mota ya ratsa wannan ƙasa ya nufi Tegina da Mokwa da Jebba har Legas, sai ya zama duk garin da titi bai bi ta kansa ba ya zama bayan gari ko da yana da ganuwa. Sarautar Birnin Gwari ta bi titi. Ta kuma tafi da sunan.

Wannan tafiya da suna ita ce abin da ya fi ɗaukar hankalina, don ba nan kaɗai aka yi ta ba. Da Haɓen Zazzau suka bar Zariya a zamanin jihadi suka nausa kudu, ba su bar sarautar a baya ba, har yau sarkin Suleja Sarkin Zazzau ake ce masa. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828 shi ne Abuja, amma da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin ƙasa a 1976, sai aka karɓi sunan aka kai wa baƙon, mai shi kuma ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kabawa sun tashi daga Surame zuwa Birnin Kebbi, daga can zuwa Argungu, kuma Sarkin Kabi yana Argungu. Katsinawan da suka ƙi bin tutar jihadi sun zauna a Maraɗi da sarautar Katsina a hannunsu, ita Maraɗin ma da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin kwarin gulbi, sai aka hau da ita kan tudu, suna bai ko girgiza ba. Busa, inda Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, tana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji tun 1968, amma akwai Sabuwar Busa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobir kuwa tana nan a Tsibiri da Sabon Birni. A wajenmu suna kaya ne da ake ɗaurewa a tafi da shi tare da tambari da takobin sarauta. Gari shi ne mutanensa da sarkinsa da limaminsa da ranar kasuwarsa. Ƙasar da ya zauna a kai aro ce.

Akwai ƙarfi a cikin wannan tunani, kuma shi ya sa yaƙe-yaƙen da suka rushe ganuwoyi ba su kashe garuruwa ba. Amma akwai rashin kirki a cikinsa ga wanda aka bari a baya. Wanda ya tashi ya tafi da suna tsirara, wanda ya zauna kuma aka liƙa masa siffa. Ba a ce wa na bakin titi Sabuwar Birnin Gwari ba sai in ana son bambancewa. Shi ne Birnin Gwari, ita kuwa uwar da ta haife shi sai an ƙara mata bayani kafin direba ya gane inda kake nufi.

Sunayen garuruwan da aka kafa bayan an sauko daga dutse wani iri ne daban. Na da can sukan faɗi abin da ke wurin, ko wanda ya fara zama, ko kuma sun tsufa har ma'anarsu ta ɓace, kamar Randagi da Kakangi da Kuyello, waɗanda kunnen Bahaushen yau ba ya tsinto komai a cikinsu sai amo. Na baya kuwa fata ne, ko ma umarni. Tudun Wada, Nasarawa, Sabon Layi. Saminaka tana cikin waɗannan. Wadda aka fi sani ita ce ta ƙasar Lere, a kan hanyar Jos, amma sunan bai tsaya can ba, ƙasar Birnin Gwari ma tana da tata. Jimla ce sukutum: sami naka. Maganar da uba ke gaya wa ɗa ce in gandu ya yi wa gida kaɗan, ko wadda mai unguwa ke gaya wa baƙon da ya zo neman wurin sara. Babu ganuwa a cikin wannan suna, babu kakanni, babu tsoro. Akwai dai zaton cewa daji yana da faɗi, kuma duk mai gatari zai iya yanko rabonsa. (Kwantagora ma an ce umarni ce, wai Nagwamatse ne ya ce wa mutanensa su kwantar da gora, an iso. Sai dai wannan gorar da aka kwantar ta hana wasu da yawa kwanciya.) Tsakanin Tsohuwa da Saminaka akwai tarihin ƙasar nan gaba ɗaya: birni na masu taruwa a bayan katanga, saminaka ta masu bazuwa don hankali ya kwanta.

Sai rabi na biyu na sunan Birnin Gwari, wanda mukan bi ta kansa da sauri. Gwari suna ne da Hausawa suka ba mutanen da ke kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Labarin Bayajida ya sa ƙasarsu cikin Banza Bakwai tare da Zamfara da Kabi da Nupe da Yawuri da Yarabawa da Kwararrafa, kuma ko me malamai za su ce a kan asalin wannan "banza", yaron da ya hardace jerin a firamare ya san ba yabo ba ne. Harshenmu na yau da kullum ma bai yi musu adalci ba. In yaro bai iya magana ba ko baƙo yana karya Hausa, sai mu ce gwaranci. In mutum ya yi abin da bai waye ba, sai a ce masa bagware. Amma kuma wannan harshen da kansa yana tona mana asiri. In muna son a yi mana bayani filla-filla, ba kwana-kwana, sai mu ce a faɗa mana gwari-gwari. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, abin da in babu shi babu miya, kayan gwari ne, masu sayar da su kuma 'yan gwari. Mun sa sunan mutane a kan gaskiyar magana da kuma abin da ke cikin tukunya, sa'an nan muka juya muna yi musu dariya da shi. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20, daga cikinsu ta fito, kuma mafi yawan ƙasar da aka gina Abuja a kai tasu ce. A Birnin Gwari dai sunan bai zama abin kunya ba. Garin Hausa yake ji, sarkinsa kuma Malam Zubairu Jibril, Mai Gwari na biyu, da wannan laƙabin ake kiransa a gaban kowa. Kalmar da ake tsokana da ita a Kano, a nan rawani take sanye da shi.

Yanzu daji. A 1936 hukumar gargajiya ta Birnin Gwari ta keɓe wani yanki a matsayin gandun daji, a watan Mayun 1999 kuma aka ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa da sunan Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,120. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Ƙasa ce ta doka da maje da kawo da taura da baushe, da tukurwa a bakin rafuka. An san shi da giwa da gwanki da gadu da birai. A cikinsa akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, da wani dutse tilo da shi ma ake kira Gwauron Dutse, da Tsaunin Rema, tarin manyan duwatsu da remaye suka mayar gida. Dubi sunayen nan, duk na maharba ne da makiyaya, mutanen da suka san wurin da ƙafa. Ita kanta kalmar "gandu" ta gida ce, babbar gonar iyali da kowa ke aiki a ciki ranar da mai gida ya sa. Da aka ce gandun daji, an so a mayar da daji abin da ke da mai shi.

Daji bai taɓa zama wurin wasa a tunanin Bahaushe ba, wurin namun dawa ne da iskoki, shi ya sa maharbi ke da layu. Amma wurin samu ne kuma: itace, zuma, kaɗanya, ɗorawa, saiwar magani, sabuwar gona. Akwai matakai a cikin kalmomin, daga bayan gari zuwa jeji, zuwa dawa, zuwa kurmi inda bishiyoyi suka haɗe kai, har ƙungurmin daji da dokar daji inda ba ka jin carar zakara. A rubuce, dokar daji ba ta da bambanci da dokar da alƙali ke aiki da ita, sai a baki ne sauti ke raba su. Shekarun nan sun kusa haɗe su. Tun da ɓarayin shanu suka rikiɗe suka zama masu ɗauke mutane, dajin Kamuku da Kuyambana suka zama mafakarsu, kalmar ta sauya nauyi. In aka ce wane yana daji, ba wanda zai zaci farauta ya tafi. Mutanen ƙauye, da suka san bango yana da kunne, ba su cika cewa 'yan bindiga ba, sai su ce mutanen daji, ko yaran daji, kamar yadda kakanninmu ke kauce wa kiran sunan abin da suke tsoro.

Kalmomi biyu ne suka fi ba ni mamaki a wannan sabon ƙamus, don dukansu tsofaffi ne. Garkuwa abin kare kai ce, ta fatar giwa ko ta ɓauna, wadda mayaƙi ke riƙewa a hannun hagu. Har sarauta ake naɗawa da ita ga wanda ya tsaya wa gari. Yau in ka ji ta a rediyo gabanka ne zai faɗi, don an yi garkuwa da wani. Fansa kuwa ba ta ma sauya ma'ana ba, barci kawai ta yi. A zamanin bauta ita ce dukiyar da dangi ke tarawa su karɓo ɗan'uwansu daga hannun wanda ya kama shi, ko wadda bawa ke biya ya 'yantu. Bayan Turawa sun hana cinikin bayi sai ta koma cikin wa'azi da maganar ramuwa. Ga shi ta dawo da aikinta na farko, a ƙasar da dawakin Kwantagora suka taɓa bi, sai dai yanzu babur ne a madadin doki, ciniki kuma ta waya ake yinsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne lissafin kakanni ya juye. An sauko daga dutse an bi titi don titi ne aminci da arziki. Sai titin ya zama wurin da ake tare mutane. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta yi shekaru direbobi ba sa shiga sai a jere, wani lokaci da rakiyar soja. A watan Mayun 2018 an kai wa ƙauyen Gwaska hari aka kashe mutane gommai. A ƙarshen daminar 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layin waya a wasu yankuna, ta hana hawa babur, ta rufe wasu kasuwannin mako. Ƙauyukan da aka kafa da zaton daji na kowa ne, masu sunayen fata, ba su da ganuwa, ba su da dutsen hawa, kuma ko da suna da shi, dutse ba ya tare harsashi yadda yake tare doki. Sai suka kwarara cikin gari, aka ba su wani tsohon suna mai tsarki, 'yan gudun hijira, kalmar da ta tuna mana Makka da Madina, ta tuna mana fitar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Mai hijira na da yakan tafi da jama'arsa da sunan garinsa ya kafa wani. Waɗannan kuwa sun watsu ne gida gida, wani a ɗakin haya, wani a kangon da ba a gama ginawa ba, wani wajen suruki. Ba su sami damar ɗaure sunan su tafi da shi ba.

Hausa tana da kalma ga mazaunin da aka tashi aka bari, ita ce kufai. Kango na gini ɗaya ne, kufai na gari ne. Da can in an ce kufai, abin da ke zuwa zuciya shi ne wurin da aka bari tun zamanin kakanni, wanda manomi ke so don toka da takin shekaru sun gyara ƙasarsa, dawa takan yi kyau a wurin. Kalma ce da ta riga ta huce. Yanzu akwai kufai da kwanon rufinsa bai yi tsatsa ba, da allon makarantar firamare a tsaye, kuma masu shi suna raye, suna iya faɗa maka ɗakin da aka haife su. Tsohuwa ba kufai ba ce, don akwai masu hura wuta a cikinta, akwai masu kiran salla, akwai masu haƙar zinare da suka gaji ramukan da aka fara tun zamanin Turawa. An rage mata suna amma ba a rabu da ita ba. Ƙauyen da aka gudu aka bari bara ko bara waccan shi ne ke kan siraɗi, don in masu nuna wuri da sanda suka mutu a ɗakunan haya, babu taswirar da za ta tuna shi, ba shi da zinaren da zai sa a rubuta shi.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu daga cikin mutanen daji da aka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Sulhu aka kira abin. Ita ma kalma ce mai buƙatar a tsaya a kanta, don a al'ada sulhu tsakanin masu jayayya ake yinsa, kowa da hujjarsa, kowa ya sassauta. Wanda ya sayar da gonarsa ya biya fansar 'yarsa yana da ikon tambayar mene ne nasa laifin da zai sassauta. Amma kuma shi ɗin ne ya fi kowa buƙatar ya koma gona, kuma ban ga dalilin da mai zama a Kaduna zai fi shi zafin rai ba. Motoci sun ƙaru a hanya, kasuwar shanun ta ci, wasu sun koma sun share gidajensu.

In ka shiga tasha yau ka ce wa direba, "Maigida, yaya hanya?" amsar da za ka fi ji ita ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Duk Bahaushe ya san inda aka aro wannan amsa. Ita ce wadda ake bayarwa a bakin ɗakin majinyaci, ana faɗinta ga wanda ya fara cin tuwo, ana kuma faɗinta ga wanda aka fara kiran dangi a kansa. Ba a musanta ta, sai a ce Allah ya ƙara sauƙi. Sa'an nan ka matsa kusa, ka tambaye shi ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi, kuma shi da kansa yana kwana a can ko juyowa yake yi.